Mayafina a Cikin Sarƙar Keke

Har in koma ga Mahaliccina, ba na jin zan manta da ranar da ni da Baba Wolta muka nufi cikin ruwa a kan keke. Ku da kuka shigo aikin kula da tsofaffi kwanan nan, ku matso ku ji. Ni ban yi boko ba, sai na ba jikata Zainabu tana rubutawa ina faɗa.

Sunana Hajara, mutuniyar Maraɗi, zaune nake a gabashin garin Greensboro, can ƙasar Turawa, wajen ɗana. Kamfaninmu shi ke tura mu gidajen tsofaffi, mu yi musu wanka, mu ba su abinci, mu tuna musu da magani, mu zauna da su. A kanmu akwai nas, a ƙarƙashin nas akwai shugabar shif, wato mai raba mana lokutan aiki. Tamu ita ce Mama Rifkatu, 'yar Filato, wadda ta koya mini aikin. Abin da ta fara gaya mini shi ne: mai ciwon mantuwa ba a yi masa gardama, ba a riƙe shi da ƙarfi, kuma in ya nemi wanda ya rasu, ba a ce masa ya rasu, don kullum sabuwar mutuwa ce a wurinsa.

Baba Wolta, tsohon da aka ba ni in kula da shi, Bature ne, gidansa a Summerfield, can inda ake kiwon dawakai. Da ƙuruciyarsa shi ne jagoran masu hawan keke na garin. Tsofaffin abokansa in sun zo gaishe shi, magana ɗaya suke maimaitawa: Wolta bai taɓa wuce wanda kekensa ya lalace a hanya ba, ko bai san shi ba. Ciwon mantuwa ya tafi da kansa, amma ƙafafunsa kamar na saurayi.

Cikin watan Oktoba 'yarsa, Madam Kerol, ta kama gida a wani ƙauye kusa da teku, ta ce a tafi da ni. Ta yi hayar wani keke mai ƙafa uku da kujera biyu, gefe da gefe. Kowa da fedarsa, amma kan keken da birki duk suna hannun na hagu. Na buga wa Mama Rifkatu waya.

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Hajiya, ke da ko jaki ba ki hau ba, yau ke ce a keke? Ki sa a ɗauko mana hoto."

Na ce, "Mama, 'yar ta ce shi zai riƙe kan."

Ta daina dariya. Ta ce, "Nas ta yarda, in dai da safe ne kansa na nan. Ki ɗaure mayafinki a ƙugu, kada ya shiga ƙafar keken."

Kwanakin farko lafiya lau. Hanyoyin can shiru suke, ka yi tafiya mai nisa ba ka gamu da mota ba. Gonakin auduga sun yi fari, ga itatuwa dogaye, ga fadama mai ciyawa har iya ganinka, da wasu tsuntsaye farare masu tsayawa da ƙafa ɗaya. Hanyarmu ɗaya ce: mu miƙe har wani farin coci, mu karya dama, mu zagayo gida. Madam Kerol takan bi mu a nata keken.

Ran Alhamis aka kira ta a waya daga wurin aikinta. Ta ce mu yi gaba, za ta cim mana.

Muka kai cocin. Bai karya ba.

Na ce, "Baba, ga hanyarmu nan."

Ya juyo ya dube ni, sai na ga idon ya sauya. Duk wadda ta daɗe a aikin nan ta san idon da nake nufi. Mutumin da ke kirana Mis Hajo tun safe, yanzu kallon baƙuwa yake yi mini.

Ya ce, "Yarinya, taka feda. Rut na jiranmu a bakin jirgi da abinci."

Rut matarsa ce. Ta riga mu gidan gaskiya tun kafin in zo ƙasar.

Na cire ƙafafuna daga feda, ina zaton nauyina zai gajiyar da shi. Ina. Keken bai ko rage gudu ba. Gonaki suka ƙare, gidaje suka ƙare, sai fadama dama da hagu, kwalta ta tsuke. Wayata tana cikin kwando a bayanmu, kuma wajen ko an ɗauko ta ba ta kamawa. Mai ba da hayar keken ya gargaɗe mu tun ranar farko: hanyar bayan coci tana ƙarewa ne a tsohon mashigin jirgin ruwa, kuma a watan nan in teku ya taso yakan hau kan kwaltar. Ni a Maraɗi gulbi na sani, mai zuwa da damina ya tafi. Ban taɓa ganin ruwan da ke tasowa rana tsaka ba, babu hadari babu iska.

Sai na ga ruwan a gabanmu. Ya kwanta a kan hanya shimfiɗe, yana ƙyalli, ba ka gane inda kwalta ta ƙare rami ya fara. Ƙafar gaba ta shiga. Na ji sanyi ya fantsamo mini a idon sawu.

Na ce, "Baba, mu ɗan huta, na gaji."

Ya ce, "A can za ki huta."

Na kai hannu wajen birki. Ya buge hannun, keken ya yi tangal-tangal har ƙafa ɗaya ta ɗaga. Da mun kife, cikin ramin za mu faɗa, shi da ƙashin tsufa, ni da ban iya iyo ba. Zuciya ta ce mini, Hajara dira. Da na dira da na tsira da kurjewa. Amma shi zai wuce shi kaɗai, in tsaya ina kallon hular kwanonsa har ta nutse. Amanar da aka ba ni ke nan. Bakina yana ta Innalillahi, ruwa kuwa ya kai rabin ƙafar keken.

Cikin wannan hali maganar Mama Rifkatu ta faɗo mini, tare da maganar abokansa. Na kwance mayafin daga ƙugu. Sabo ne, ɗana ya sayo mini da salla. Na tabbata babu inda ya naɗe a jikina, na sunkuya, na zura bakinsa cikin sarƙa.

Sarƙar ta cafke shi kamar akuya ta samu ganye. Na ji ƙiii, feda ta cije, keken ya tsaya cak a tsakiyar ruwa.

Na ce, "Wayyo Baba, kekena ya lalace. Ban iya gyara ba."

Ya dube ni, ya dubi sarƙar. Sai ya sauka. Ya durƙusa a cikin ruwan, yana faɗa.

"Wa ya ce ki hau keke da labule? Wane sakarai ne ya koya miki?"

Na ce, "Ka yi haƙuri, Baba, sabuwa ce ni."

"Kowa da haka ya fara. Riƙe nan. Kada ki ja, juya fedar baya. A hankali."

Mutumin da ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa, yatsunsa suka bi sarƙar nan haƙori bayan haƙori suna zare zane. Ni ina riƙe, ina kallon ruwa yana hawa ƙaurina, ina tsoron ya gama ya ce mu ci gaba. Da ya zare na ƙarshe, ya ɗaga hannunsa, ya lasa, ya ɓata fuska.

Ya ce, "Gishiri. Wa ya shigo da keke cikin ruwan gishiri? Zai cinye sarƙar. Juya shi, maza."

Muka juya shi tare, muka tura har tudu. A wajen cocin muka haɗu da Madam Kerol, tana ta kiran sunansa, muryarta ta dushe. Ya ce mata, "Kerol, ki saya wa Mis Hajo wando. Za ta kashe mu da labulen nan."

Doka ce duk abin da ya faru a sanar, na sanar. Nas ta hana shi riƙe kan keke daga ranar, aka samo mai birki a gefena. Mama Rifkatu ta saurare ni har ƙarshe ba ta yi dariya ba. Sai da na gama ta ce, "Na ce kada ya shiga, ke kuma kika tura shi." Na ce, "Ai ke kika nuna mini ƙofar."

To 'ya'yana, abin da na koya ke nan. Ciwon nan yakan ɗauke sunan 'ya'yan mutum, ya ɗauke hanyar gidansa, amma halin da ya rayu a kai shi ke fita daga ƙarshe. Ku tambayi dangi da abokai wane ne shi kafin ya kwanta, ku riƙe amsar da kyau. Ranar da ya daina jin "tsaya", mai yiwuwa ya ji "taimake ni".

Mayafin yana nan cikin akwatina, da baƙin mai da hudar haƙora. Zainabu ta ce in jefar. Na ce a bar shi, hannun Baba Wolta ne a jiki.