Wa Ke Cire Kan Batirin Nan?

Shekarun baya, wata ranar Laraba da ƙarfe tara da kwata na safe, mu huɗu ne a rumfar wani mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, a bakin hanyar da ta fita daga Daura zuwa Zango. Akwai ni, akwai abokina, akwai mai rewayar, sai mahaifiyata da ke zaune a kujerar baya, ta ce ba za ta fito ba.

Ga yadda aka yi muka kai nan. Da na tashi sayen motata ta farko, abokina ne ya je Kongolam ya zaɓo mini, domin shi ya san mota, ni ban sani ba. Tun muna firamare muke tare. Sati uku da sayenta, batir ya fara mutuwa. Na kai caji, ya sake mutuwa. Na sayi sabo, kwana biyar shi ma ya kwanta. Kullum da safe sai maƙwabta sun tura ni, har ta kai in na fito da makulli a hannu kowa sai ya tuna yana da uzuri. Wani a majalisa ya ce ai altaneta ce ta mutu, na'urar da ke mayar wa batir wuta in inji yana aiki, kuma duk wanda ya zaɓo motar ya san da haka.

Na ɗauki maganar. Na sami abokina a ƙofar gidansa na ce masa, "Ka cuce ni." Kwana tara ban gaishe shi ba, a masallaci ma na sauya sahu.

Mahaifiyata ce ta aika aka kira shi, ta ce mu tafi wurin mai sana'a a gabanta. Na yarda, amma na gindaya sharaɗi: in altaneta ce, tsakanina da shi sai gaisuwar Musulunci. Aka tura motar, muka tafi.

Da isarmu na ce wa mai rewaya, "Oga, aikin ba shi da yawa. Bar injin a kunne, ka zare kan batir. In motar ta mutu, altaneta ce, magana ta ƙare."

Ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan gwajin na motocin kakanninmu ne. Taka tana da ƙwaƙwalwar lantarki, in na zare za mu iya ƙona ta. Sai dai in ka gaji da motar ne."

Ya ɗauko mitarsa mai waya biyu, ja da baƙa. Ni mutum ne mai son abu bi da bi, don haka na ce ya riƙa faɗin abin da yake yi. Da farko ya sa aka kashe injin, ya auna batir: goma sha biyu da ɗan ɗori. Na biyu, ya haɗa da nasa batirin aka tayar, ya cire nasa, ya sake auna nawa. Lambar ba ta motsa ba.

"Lafiyayyar mota sai ta haura sha uku zuwa sha huɗu," in ji shi. "Wannan caji ba ya shiga."

Na juya na kalli abokina, na gyara hula. "Malam, ka ji da kunnenka."

"Ban gama ba, Alhaji," in ji mai rewaya. Na uku, ya duba bel ɗin da ke juya altaneta, ya ga a ɗaure yake tamau. Na huɗu, ya ɗora wayar a jikin altanetar kanta. Sha huɗu cif.

"To fa. Wuta tana fitowa daga gida lafiya, a hanya take ɓata."

Ya sa aka kashe injin, ya taɓa kan batirin da yatsa biyu. Sai ga shi yana juyawa kamar zoben babba a hannun jariri. Ya ɗaga shi sama, ga bakin ƙarfen ya buɗe, duk ya lotse.

"Wa ke cire kan batirin nan?"

Na shiga duban taya.

Sai muryar mahaifiyata ta fito ta taga. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana. "Tambayi wancan mai hular. Kullum bayan magariba sai ya cire, wai kada wutar ta tsiyaye kafin safe. Da asuba ya mayar, ya bi shi da dutse, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ni da shi nake gane gari ya waye."

Gaskiya ta faɗa. Tsarina ne tun ranar da motar ta zo: in kulle ƙofofi, in sa waigi a taya, in cire kan batir. Ban taɓa tsallake rana ɗaya ba, kuma ban taɓa ɗaure notin da sifana ba.

Mai rewaya ya yi dariya har ya zauna a kan benci. Abokina ya daure, ya daure, sannan ya fashe, yana riƙe da ciki. "Mutumina, ashe kai ne altanetar da ta mutu!"

Na ce, "Na ji. Ka yafe mini."

"Na yafe, amma da sharaɗi, tunda kai mai sharaɗi ne. Dutsen nan ni za ka ba, in ajiye a falo."

An sa sabon kai, an ɗaure, mita ta nuna sha huɗu. Daga nan ba mu koma gida ba. Mahaifiyata ta ce tunda mota ta warke a kai ta Baure wurin ƙanwarta. Abokina ya tuƙa, ni aka mayar da ni baya, suna ta ba juna labarina har muka isa, aka sake ba da shi a gaban fura.

Har yau ina son tsari, ban tuba ba. Abin da na gane shi ne mutum yana iya yin kuskure a kan lokaci, kullum, babu fashi. Kuma na yanke wa aminina hukunci tun ba a auna komai ba.

Roƙona gare ka mai karatu: in akwai wanda ka daina gaisarwa saboda maganar majalisa, kada ka jira sai an kai ku gaban mai sana'a. Yau ɗin nan ka je ƙofar gidansa ka yi sallama.