Zanen Inna Mai Hoton Ciyaman

Ni ban taɓa son zanen nan ba. Atamfa ce da aka raba wa matan unguwarmu Sintali lokacin kamfe, hoton ciyaman ɗin jam'iyya jere a jiki, baki buɗe. Inna ba ruwanta da siyasa. Ta ce yadin yana da ƙwari, ba ya zuba, shi ke nan ya zama zanen zuwa kasuwa.

Ranar da ta ɗaura shi ta tafi Sunkani sayo gyaɗa, ranar ce ciyaman ya shiga rediyo da hantsi ya kira matasan ɗaya jam'iyyar ɓarayin akwati, ya ce wanda ya isa ya fito. Kafin azahar kuwa sun fito. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce sun tare hanyar shigowa gari, suna yage fastarsa a jikin motoci, har an fasa wa wani direba baki.

Na kira wayar Inna. A kashe. Na sake kira, na sake.

A zaure kuma Baba da Kawu, ƙanin Inna, sun baje kan tabarma suna musu kan ciyaman.

"Namiji ke nan!" in ji Kawu. "Shi kaɗai ke faɗa musu gaskiya ido da ido."

"Gaskiyar ta kawo maka ruwan famfo?" Baba ya tambaye shi. "Shekara nawa yana ihu? Ko kansila bai ci ba a unguwar nan."

"Ai tsoronsa suke ji, Yaya. Ka ga yadda suka haukace?"

"Su suka haukace, kai kake washe haƙora kamar an ba ka kwamishina."

Ba na shiga zaure in maza na zaune, amma ranar na faɗa ko sallama babu.

"Kawu, da wane zane yayarka ta fita yau?"

Kawu ya ce, "Haba 'yata, wa zai taɓa dattijuwa?"

"Shi ciyaman yana gidansa, 'yan sanda a ƙofa. Inna ce ke yawo da fuskarsa a kan hanya."

Baba bai tsawata mini ba. Ya zura takalmi ya nufi tasha. Ni kuma na tsaya bakin ƙofa, duk kukan mashin sai in leƙa hanya. Shinkafar da na ɗora ta ƙone ƙurmus, ina jin ƙauri, na kasa komawa.

Bayan la'asar Baba da Inna suka shigo tare. Inna sanye da wani zane gajere, koɗaɗɗe, yana warin busasshen kifi. Ta ce wata mata Bamumuya, mai Hausa kaɗan-kaɗan, da ke gefenta a mota ce ta hango hayaƙin taya a gaba, ta zungure ta: "Mama, cire wannan mutum, za su buga ka." Matar ta zaro zane daga ƙullinta, sauran mata suka kare Inna ta canza a zaune, ta danne atamfar ƙarƙashinta. Yaran da suka tare hanya suka leƙa motar da sanduna, suka dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan suka ce direba ya wuce.

Kawu ya gyara murya. "To, amma dai abin da ya faɗa..."

Inna ba ta ko dube shi ba. Ta miƙo hannu na ba ta ruwa, kofin na rawa har ya jiƙa mata ƙirji. Na karɓa na riƙe mata a baki ta sha.