Ƙyauren da Baba Ya Cire

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Abdu na Ƙofar Sauri, Allah ya jiƙansa da rahama. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, waina nake soyawa in raba sadaka, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Abin da aka yi da sunansa a watan jiya ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki biro.

Baba magatakarda ne a kotun yanki har ya yi ritaya. Ya yi karatun allo da na littattafai, ya kuma yi bokon daidai gwargwado. Amma ba da wannan unguwa ta san shi ba. An san shi ne da zauren da ba shi da ƙyaure.

Ina 'yar budurwa abin ya faru. Wata rana da azahar aka biyo wani baƙauye da ihun ɓarawo, wai ya kwance akuya. Ya ruga zaurenmu don ya ji an ce gidan malami ne, ya iske ƙyaure a rufe, Baba yana kotu. A nan bakin ƙofa aka cim masa. Muna ciki muna jin ƙarar sanduna, ba mai ikon fita. Mutumin bai mutu ba, amma ya rasa ido ɗaya. Da Baba ya dawo ya ga shatin hannun mutumin da jini a jikin katakon, bai ko shiga ya ci abinci ba. Ya aika aka kira kafinta ya ɓalle ƙyauren. Maƙwabta suka ce ai mai yiwuwa ya saci akuyar. Baba ya ce to, in ya sata akwai alƙali, kuma bai taɓa ganin littafin da aka ce diyyar akuya ido ba ne.

Ƙyauren nan bai yar da shi ba. Ya sa aka wanke shi, aka ɗora a kan bulo a cikin zauren, aka shimfiɗa tabarma, ya zama gadon baƙo. Mahaifiyarmu, Inna, ta yi mita har ta gaji. Butoci kuwa Allah kaɗai ya san nawa aka ɗauke mana. Tumakin unguwa suka mai da zauren wurin shan inuwa. Idan Inna ta kawo ƙara, sai Baba ya ce, "To Hajiya, a sayo wata butar." Tun daga lokacin duk wanda dare ya yi wa a gari, ko ya kawo mara lafiya asibiti, ko ya zo shari'a daga ƙauye, zaurenmu ake nuna masa.

A zauren nan samari biyu suka tashi a gaban Baba. Kabiru yana karatun lauya, Lawal yana karatun addini. Ni ce mai tuƙa musu tuwo, saboda haka gardamarsu na haddace ta ba da niyya ba. Kullum magana ɗaya ce: 'yancin ɗan Adam, wa ya haife shi, addini ko tunanin 'yan boko?

Kabiru zai ce mutane ne suka ƙwato shi da jininsu daga hannun sarakuna da manyan coci a ƙasashen Turai, aka zo aka rubuta shi doka bayan yaƙin duniya, kuma darajarsa ita ce bai tambayar addinin mutum. Lawal zai ce wannan ihu ne bayan an gama magana, domin tun kafin Turawan su san wanka Allah ya karrama ɗan Adam, ya yanka haƙƙin maraya da maƙwabci da matafiyi har da na dabba. Kabiru ya ce to me ya sa kakanninmu suka yi ta cinikin bayi da carbi a hannu? Lawal ya ce su masu 'yancin naka ba su ne suka zo da bindiga suka sa talakawa aikin dole ba? Haka za su yi ta yi har miya ta huce.

Baba yana son gardamar, ba zan ɓoye ba. Shi kansa ya yi imani cewa tushen abin daga Allah yake, bai taɓa rufa wannan ba. Amma yakan ce wa Lawal kada ya raina takardar doka, don shi ya zauna a kotu ya ga ranar da ita kaɗai ta hana a tauye talaka. Yakan ce wa Kabiru kuma ya ga ranar da dokar take nan a rubuce, tsoron Allah ne kawai ya hana mai iko cin zali. Idan suka matsa ya raba musu gardama, sai ya leƙa waje ya ce, "Ku dakata. Wancan mutumin da ke raɓe jikin bango, wani ya tambaye shi ko ya ci abinci?" Sai ɗayansu ya tashi da kwano. A lokacin na ɗauka zillewa yake yi. Sai da na girma na gane amsar ke nan yake ba su.

Bayan rasuwarsa gidan ya faɗa rabon wanmu, wanda ke aiki a Abuja, amma zauren ya ci gaba da zama yadda yake. Shekarun nan da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyukan yamma, ya cika da mutane. Yawanci sukan kwana biyu su wuce. Wanda ya daɗe shi ne Ɗan'azumi, dattijo mai ɗingishi, wanda aka ƙone garinsu aka kashe 'ya'yansa maza. Gyaran takalma yake yi a bakin titi. Shi ke share zauren, shi ke cika randa, kuma a kan ƙyauren Baba yake kwana.

Yau Kabiru babban lauya ne, yana shugabantar wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam mai ofis a GRA. Lawal kuwa Ustaz ne mai masallaci da ɗalibai. Har yanzu ba su daina gardamar ba, sai dai yanzu a rediyo suke yi, kowa yana jan Baba ɓangarensa. Da na ji sun haɗa kwamiti don tunawa da shi, wallahi har hawaye na yi don daɗi. Wanmu ya ba su izini ta waya su gyara zauren ya zama cibiyar nazari da sunan Baba.

Sai na je ganin gyaran. An shafe zauren da farin fenti, an liƙa allo mai sunan mahaifina da Hausa da Larabci da Turanci. A ƙarƙashin allon kuma ƙofar ƙarfe ce sabuwa fil, da kwaɗo kamar dunƙulen hannu. Mutum biyu da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, sun yarda a kan wannan.

Na sami kowannensu. Kabiru ya ce, "Yaya, baƙi za su zo daga Abuja su ga wurin, kuma akwai na'urori ciki. In wani abu ya faru da masu kwana nan, mu doka za ta kama." Lawal ya ce, "Yaya, littattafan addini muka zuba. Kuma kin san halin da ake ciki, mutanen ga ba mu san asalinsu ba, a cikinsu ake samun masu kai rahoto daji." Na ce Ɗan'azumin da aka yanka wa 'ya'ya shi ne mai kai rahoto? Ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na ce su ba ni makullin. Dukansu amsa ɗaya suka ba ni, sai ka ce sun yi bita: sai kwamiti ya zauna.

An yi laccar a wani babban ɗakin taro mai sanyi. Takenta shi ne tsohuwar gardamar zaurenmu. Sun yi magana mai daɗi, ba zan zalunce su ba, an tafa wa kowa. Kabiru har ya ba da labarin mutumin da ya rasa ido, muryarsa tana rawa, Lawal yana share ƙwalla. Ina zaune a layin gaba an ba ni ruwan roba, ina jin kamar a kaina ake zuba garwashi. Cin amana daga bare yana da sauƙi. Waɗannan da hannuna na ɗebe musu tuwo.

Ina ta tambayar kaina me Baba zai ce da ya ga wannan rana. Na san shi. Zai zauna ya saurari laccar har ƙarshe, ya ji daɗinta, ya gyara wa kowa kuskurensa. Sannan ya tambayi inda mai walda yake a unguwar.

Ni mace ce da mijinta ya rasu, ina zaman haya a ɗaki biyu a Ƙofar Kwaya, ba ni da zauren da zan ba wani. Na dai bi sawun Ɗan'azumi har na same shi a bayan wani shagon ɗinki, rannan da aka wuni ana ruwa. Ashe da aka fitar da masu kwana a zauren, an jefo tsohon ƙyauren waje tare da shara, shi kuma ya ɗauke shi a ka da ƙafarsa mai ciwo. Ya jingina shi da bango, ya shige ƙarƙashi da akwatin aikinsa, ruwa yana zuba ta gefe biyu. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi gajiya, kamar ni ce abin tausayi.

Na ce ya yi haƙuri. Ya ce, "Haba Hajiya, ai ba komi. Malam bai san ni ba, ban san shi ba, amma ga shi har yau shina rufe ni. Ƙyauren ga na da kyau, ko ɗigo bai shiga ta tsakiya."

To wannan shi ne abin da ya rage na Malam Abdu bayan shekara goma sha biyu. Sunansa yana kan ƙofar da ya tsana, labarinsa yana bakin waɗanda suka kulle ta. Ko addini ne ya haifi 'yancin ɗan Adam ko boko, ku ci gaba da gardamarku, Allah ya ba mai gaskiya sa'a. Ni dai na ga malami da lauya sun kama kwaɗo ɗaya sun datse.

Kabiru, Lawal, damina ta yi nisa, kuma tari ya fara kama dattijon nan. Makullin nake jira. Kafin kwamitinku ya zauna, a duk faɗin Katsina abu ɗaya ne ke kare haƙƙin Ɗan'azumi, shi ne katakon da kuka jefar a shara.