Gwangwanayen Ƙarƙashin Gadon Ƙanwata

A shekarun da aka fara buɗe masaƙa a Kakuri, kafin a ba mu mulkin kai, ni da ƙanwata duk muna aure a Kaduna, ƙetaren gada. Ni ina Makera a ɗakin haya na ƙasa, maigidana yana gyaran keke a bakin hanya. Ita kuwa mijinta akawu ne a masaƙa, suna zaune a gidan siminti mai rufin kwano. Ni na goye ta tana jaririya, ni na koya mata daka da tuƙin tuwo, amma ita ce mai gadon ƙarfe da katifar rimi, ni ina kwana kan tabarma.

Ban cika zuwa gidanta ba. Duk ranar da na je, sai na yi kwanaki ina ganin ɗakina ya ƙara ƙanƙanta. Ba ta taɓa yi mini fariya ba, kuma wannan ma yana ba ni haushi, don da ta yi, da na sami abin kamawa.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ita, ga goyo a hannu. Mijinta ya zo da kansa ya roƙi maigidana a bar ni in je in yi jinyarta. Na ƙulle kayana a ɗankwali na tafi.

Abin da na fara lura da shi a gidan shi ne sauro. Ya fi na ɗakina yawa, nesa ba kusa ba. Da rana ma cizo yake yi, a ƙafa da idon sawu. Suna da gidan sauro, amma kafin ki ɗaga ki shiga sun riga ki. Jikin jaririyar duk ya yi burɗin-burɗin. Mijin ya yi iya ƙoƙarinsa: ya sa an sare ciyawar bayan gida, an cike ramin da ruwa ke kwanciya, ya yi wa duro murfi. Da abin ya ƙi, sai ya ɗora laifin a kan kogi da maƙwabta.

Ina can duba-gari ya zo, wato ma'aikacin tsafta da ke bi gida-gida. Na san shi, don yana zuwa Makera. A wurinmu har ƙuryar ɗaki yake leƙawa, ya tsoma ludayinsa a randa ya ɗaga sama yana dubawa. Ya taɓa samun 'ya'yan sauro a randata, waɗansu 'yan tsutsotsi masu wutsil-wutsil, ya sa na kifar da ruwan da na wuni ina ɗebowa, matan gidanmu suna kallo. Amma a gidan ƙanwata sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi daɓen siminti da labule, ya yaba tsafta, ya yi wa mai jiki sannu ya wuce. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Washegari ina shara, na durƙusa don in kai tsintsiya ƙarƙashin gado. Kowace ƙafar gadon tana tsaye cikin gwangwanin madara da aka zuba wa ruwa, don kada cinnaka ya hau ya ciji jaririya. Dabara ce ta matan akawuna, na daɗe ina sha'awarta, sai dai ni ba ni da gadon da zan yi wa. Tsintsiyar ta bugi ɗaya, ruwa ya fantsamo, sai na ga abu yana motsi a kan siminti. Na sunkuya sosai na leƙa. Gwangwanin cike yake da 'ya'yan sauro, har sun fi na randata. Na duba sauran, haka. Na je wurin kabad ɗin abinci mai raga, shi ma ƙafafunsa a gwangwani suke, shi ma haka. Ashe ƙara ruwa kawai ake yi in ya ragu, ba a taɓa zubarwa ba.

Na zauna a ƙasa da tsintsiya a hannu, wani daɗi ya cika mini ciki. Na daɗe ban ji irinsa ba. Na so a ce duba-gari ya dawo, na so a ce matan gidanmu suna tsaye a ƙofa.

Na ɗebo ruwan a murfin kwano na kai wa ƙanwata har gado, na ce ta ga abin da take kiwo a ƙarƙashinta. Na zuba mata ido ina jiran ta ji kunya. Ta duba, ta riƙe baki, sai kuma ta kama hannuna.

"Yaya, da ba ki zo ba fa? Allah ya bar mini ke."

Na ɗauki murfin na fita na zubar da ruwan. Da mijin ya dawo aiki ta ba shi labari, ya yi ta dariyar kansa, ya yi mini godiya har da russunawa. Ya ɗaga gadon muka fitar da gwangwanayen, na wanke su da toka, ya zuba kananzir a madadin ruwa. Ya kuma hau tsani ya duba indararon kwano, ya tarar ganyen mangwaro ya toshe shi, ruwa ya kwanta, can ma 'ya'yan sauro suna nan.

Kafin in bar gidan sauro ya ragu ƙwarai. Ƙanwata ta warke, jaririya tana barci har hantsi. Aibi ɗaya gidan yake da shi, kuma ni da hannuna na cire musu. Ta ba ni turmin atamfa da sabulu mai ƙamshi, ta rako ni har bakin titi tana sa mini albarka kamar ita ce babba.

Na iso Makera da la'asar, na tarar ɗakina ya yi yoyo, tabarmata ta jiƙe. Maigidana yana zaune yana liƙin taya. Ya yi mini sannu da zuwa, ya tambayi mai jiki, sannan ya ce yaya gidan nasu, yana nan da kyansa?

Na ajiye ƙullina na ce, "Sauro ya yi musu yawa."