Karen Bukari da kwanonin Hajiya

Zuwa la'asar ɗin yau, na wanke kwano tara a gidanmu na unguwar Shisha, nan ƙasa mai tsarki, kowanne sau bakwai.

Ruwan sama ne ya malale garken tumakin ƙanena Bukari a bayan gari, shi ne ya kawo karen gadinsa garejinmu. Mahaifiyarmu Hajiya ta ce in karen ya dame ta da haushi, waje zai kwana.

Na taɓa karanta cewa kare yakan natsu in aka ba ƙwaƙwalwarsa aiki. Sai na kife gwangwani uku, na ɓoye nama a ƙarƙashin ɗaya. Nan da nan ya gane wasan. Da naman ya ƙare, ya ture ƙofa ya bi kwanonin da Hajiya ta kife a baranda, yana birkice su ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya ta ƙwala mini kira: "Ya waladi, kai ɗan nan, wa ya koya masa buɗe kwano?"

"Hajiya, bincike ya nuna cewa..."

"Halas! Ɗebo ƙasa ka ɗauko soso, ka ƙarasa binciken a bakin famfo."

Masu kiwon kare, da me kuke ɗauke musu hankali in ana ruwa? Mu dai har yanzu ba mu tabbatar ko ya lashi murfin jarkar Zamzam ba.