Saƙo Zuwa Ga Ta Gwarzo

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, duk wanda ya tashi a ƙasarmu kuwa ya san abin da hakan yake nufi. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka ɗauke ni daga Gude aka kai ni wurin goggona a Gwarzo. Can na yi wayo, can na yi makaranta, can aka yi mini aure. Idan na je gida na durƙusa na ce, "Inna, ina kwana," sai ta amsa wa bango, ko kajin da ke tsakar gida. In tana so a ba ni abinci, ƙanwata za ta kalla ta ce, "Zuba wa waccan." Da na girma aka ɗan ɗaga mini daraja, na koma "ta Gwarzo."

Mutane suna yaba mata, suna cewa irin alkunyarta ta ƙare a zamanin nan. Ni ban taɓa yabawa ba. Na san al'ada ce, na san ita ma haka ta ga an yi a gidansu, amma sanin bai rage mini ciwo ba. Ina da zuciya, ban ɓoye wa kowa ba. Da na haifi ɗana na fari, da gangan nake rangaɗa masa kira da sunansa a gaban baƙi, har goggona ta ce na zubar musu da mutunci. Abu ɗaya na nema wurin Inna duk rayuwata: ta yi mini magana, ni da kaina, ba ta bakin wani ba. Na haura hamsin ban samu ba, ga shi ƙarfinta yana ƙarewa, yanar ido kuma ta rufe mata gani.

Laburaren garinmu Gwarzo ɗan gini ne, na saba kai 'yan ajina can, da yake koyarwa nake a firamare. Lokacin kullen annoba aka garƙame shi kamar ko'ina. Mai kula da shi wani dattijo ne mai sanyin magana da ba ya iya zama haka kawai, sai ya buɗe zaure a waya, irin wanda ake haɗa mutane da yawa a kira ɗaya kowa yana jin kowa. Wata rana malamin gona ya yi bayanin tsutsar masara, wata rana malamar asibiti ta amsa tambayoyin masu goyo, akwai kuma ranar tatsuniya don yara. Asabar da hantsi ake karanta littafi, babi ɗaya kowane mako. Wannan shi ya roƙe ni na riƙa yi, wai muryata tana kaiwa ƙarshen aji.

Da aka buɗe gari ya so ya rufe zauren, mata suka ce ba su san zancen ba. Su da ƙafarsu ba ta taɓa taka laburare ba, yanzu laburare ya biyo su har bakin murhu, kuma a ce a ƙwace? Haka aka ci gaba. Daga Lakwaya ake shiga, daga Sabon Birni, har ƙauyukan Kabo. Ina karatu ina jin ƙarar taɓarya a wata wayar, kukan akuya a wata. A zauren ba a cika faɗin suna ba, gari ake faɗa: Hajiya ta Lakwaya, Baba na Kabo. Ni kuma kowa Malama yake ce mini. In na rufe littafi sai mai laburare ya ba da damar magana. Rabin lokacin a gaisuwa yake tafiya, ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya damina, data tana ƙonewa ni kuma ina cizon leɓe.

Wata Asabar na gama babi, labarin wani falke ne da ya bar iyalinsa ya yi nisa, sai na ji ƙanwata ta yi sallama ta ce akwai wata tsohuwa daga Gude da take da magana. Ban san ma tana kunna wa Inna ba. Sai muryar ta fito.

"Salamu alaikum. Malama, ina kwana?"

Na san muryar nan tana yi wa kaji magana, na san ta tana yi wa ƙannena faɗa, amma ban taɓa jin ta nufo ni kai tsaye ba. Da ƙyar na ce, "Lafiya lau, Inna. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya maigidan? Ya yaran? Ya aikin makaranta?"

Ta bi gaisuwar nan ɗaya bayan ɗaya ba ta tsallake komai ba, ni da nake ƙorafin doguwar gaisuwa ranar na so kada ta ƙare. Sannan ta ce, "Malama, tun makon jiya nake jin tari a muryarki. Ki nemi citta da zuma. Kuma sauri kike yi, mu tsofaffi ba ma kamo ki. Shi kuma wannan falke, in dai bai koma gida ba, ni ba ruwana da shi."

Zaure ya ɗauki dariya. Ni kuwa na kashe bakin wayata na kifa kai a kan littafin na yi kuka mai isata.

Daga ranar ba ta ƙara fashi ba. Kowace Asabar sai ta gaida Malama, ta yi gardama a kan mutanen littafi kamar maƙwabtanta ne, ta gyara mini karin magana in na faɗe shi a karkace. Wata rana ta tambaye ni ko na karya kafin na fara, don ta ji muryata ba ƙarfi. Akwai mutanen Gude a zauren da suka san ko wace ce ita a wurina. Ko mutum ɗaya bai taɓa tankawa ba, shi ma mai laburare da ya gane daga baya ya ja bakinsa ya yi shiru.

Na ɗauka ƙofa ta buɗe ke nan. Da hutu ya zo na sayi goro da turmin atamfa na hau mota zuwa Gude, zuciyata fes. Na shiga na durƙusa na gaishe ta. Ta juya fuska ga bango ta amsa, ta ce da ƙanwata, "Ta Gwarzo ce? Ba ta ruwa." Raina ya yi mugun ɓaci. Na ja ƙanwata bayan ɗaki na ce wannan wane irin wasa ne da hankali, matar da jiya-jiya take tambayata ko na karya?

Ta ce, "Yaya, ke dai ba ki da haƙuri. A waya ai ba ke take yi wa magana ba, Malama take yi wa. Malama ba 'yarta ba ce, ba kunya tsakaninsu. Ki karɓi abin da kika samu."

Ban karɓa da daɗin rai ba. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa fuskar ce aka hana ni. Na yi tunanin ajiye karatun don ta ji yadda nake ji, amma Asabar na zuwa na sami kaina da littafi a hannu tun kafin lokaci. Kishi nake yi da Malama, wallahi, duk da ni ce ita.

A cikin wata damina, gero ya fara fitar da kai, aka aiko cewa jikin Inna ya yi tsanani. Na isa ranar Juma'a. Ta rame ƙwarai, numfashinta sama-sama, kunu ma sai an lallaɓa. 'Yan uwa suna shiga ɗaya bayan ɗaya, tana kiran kowa da sunansa, tana neman gafara suna nema, yadda ake yi in an ga alamar tafiya. Na zauna a gefen gadon ina jira a zo kaina. Ba a zo ba. Na ce, "Inna, ki yafe mini," ta motsa leɓe ga bango, ban ji abin da ta ce ba. Na sallama a raina cewa haka za mu rabu.

Washegari na yi niyyar gaya wa mai laburare ya nemi wani ya yi karatun. Ina laluben lambarsa sai na ji Inna ta ce da ƙanwata, "Yau ba Asabar ba ce?"

Ƙanwata ta dube ni ta nuna mini ƙofa da ido. Da muka fita ta raɗa mini cewa in ina ɗakin Inna ba za ta saurara ba. Na ɗauki kujera 'yar tsuguno na zagaya bayan rumbu, kusa da tagar ɗakin, na shiga zaure. Ƙanwata ta ɗora tata wayar a kan taga inda sabis yake kamawa. Na fara karatu a hankali yadda take so, ina jin muryata tana fitowa daga ɗakin uwata, a bayana kaɗan, kamar wata ce take maimaita abin da na faɗa. Ban san me na karanta ba ranar.

Da na rufe littafi mai laburare ya ba da dama. Hajiya ta Lakwaya ta fara gaisuwa, sai ƙanwata ta katse ta, ta ce a yi haƙuri, tsohuwar Gude ba ta da lafiya, tana so ta riga kowa. Har taɓaryar nan da ake ji a waya ta tsaya.

"Malama," in ji ta. Sau biyu nake jin ta, ta taga da kuma ta waya. "Yau ba zan iya doguwar gaisuwa ba. Aike zan ba ki. Ke da kike Gwarzo, akwai wata tawa a can. Ita na fara haifa."

Ta tsaya ta huta. Na danne bakina da mayafi.

"Ki ce mata ranar da aka ɗauke ta, kwana na yi ban ci abinci ba, kuma ba wanda na gaya wa. Ki ce duk zuwan da take yi ina jin takunta tun daga soro. Haka aka koya mana, ban san wata hanyar ba. Na yafe mata duniya da lahira. Ita ma ta yafe mini, in za ta iya."

Mutane da yawa suna sauraro. Ni aka bar wa amsa. Na so na ce ga ni nan bayan rumbu, Inna, ni ce. Bakina har ya buɗe. Sai na ga in na faɗa na tona ta a gaban jama'a, na ƙwace mata ɗan wurin da ta samu ta tsaya ta yi mini magana.

Na ce, "Inna, saƙo ya isa. Ta ce babu abin da kika yi mata. Ta yafe, ta yafe har zuciyarta."

"Madalla," in ji ta. "Allah ya yi mata albarka. Ke ma Malama, Allah ya yi miki."

Mai laburare ya yi addu'a ya rufe zaure. Na share fuska na koma ɗakin. Tana kwance, fuskarta ga bango. Na zauna a ƙarshen gadon na ɗauki ƙafafunta na ɗora a cinyata ina matsa mata, ba ta janye ba. Kafin wata Asabar ta zagayo mun kai ta makwancinta.