Gwaggo Mai Ganye, da wasiƙar da ban kai ba

Gwaggo, na yi miki ƙarya kwana biyu kafin ki rasu, kuma har yau babu wanda na faɗa wa. Kin tambaye ni ko na kai wasiƙar da kika ba ni, na ce na kai. Ban kai ba. Tana cikin jakar makarantata, tsakanin shafukan wani littafin soyayya, kullum ina zuwa da ita aji ina dawowa da ita gida.

Daga Allah muke, kuma gare Shi muke komawa. Ranar Laraba, sha tara ga watan Fabrairu, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, Allah Ya karɓi ran yayar mahaifina a asibiti, bayan jinyar kwana goma sha biyu. Shekararta hamsin da huɗu. Ba ta bar ɗa na cikinta ba, amma ita ta riƙe Baba tun yana aji uku, bayan rasuwar iyayensu. Abokan aikinta sun nemi wani daga cikin iyali ya rubuta ta'aziyya don mujallar ofishinsu. Baba ya ce, "Ke ce mai rubuce-rubuce a gidan nan." Shi ya sa nake wannan rubutu, ban kuma san ko za a buga shi ba idan an karanta.

Ga wanda bai san aikinta ba: a juya bayan littafin rubutu ko kwalin tishu, za a ga ɗan tambarin koren ganye da lamba a ƙarƙashinsa. Tambarin shaida ce cewa itacen da aka yi takardar daga gandun da aka dasa don sara ya fito, ba daga dajin da aka hana taɓawa ba, kuma masana'antar ba ta zuba gubarta a rafi. Kafin a ba kamfani izinin buga shi, sai wani ya je ya gani da idonsa. Shekara ashirin da biyu Gwaggo tana wannan zuwa. Ma'aikata suka sa mata suna Mai Ganye, har aka manta da sunanta na yanka.

Ina tuna ranar da kika kama ni, Gwaggo. Shekarata goma sha uku, na sa littafin soyayya a cikin bangon littafin lissafi ina karantawa a barandarki. Kika zare shi daga hannuna. Ko shafin farko ba ki buɗe ba. Bayansa kika juya, kika ɗaga shi sama wajen haske, kika shinshina shi, kika yagi ɗan gefen shafi kina kallon zarensa.

"Shi saurayin da ke ciki ban san halinsa ba," kika ce, "amma takardar da aka buga shi a kai maƙaryaciya ce. Dubi ganyen, babu lamba. Ungo, 'yar shiru, ki gama ki ba ni labari ko ya aure ta."

Tun daga ranar barandarki ta zama wurin ɓuyana. A gidanmu mu huɗu ne a ɗaki ɗaya, ba a karanta layi biyu wani bai taka miki ƙafa ba. Ke kika ba ni mabuɗi. Kina dawowa daga aiki da takalmin roba duk laka, ki zauna ki ce in faɗa miki inda aka tsaya. Kullum kina goyon bayan wanda marubuciyar ta tsana. Takardun gwaji da aka gama da su a ofis kuwa kika riƙa ɗinke mini su da zare da allura, a kansu na fara rubuta nawa labaran, waɗanda ke kaɗai kika taɓa karantawa, kina gyara mini waƙafi da jan biro ba tare da kin yi mini dariya ba ko sau ɗaya.

Cikin masu gaisuwa har da wani tsoho mai ƙaramar maɗaba'a. Ya ce Asabar uku kika yi a shagonsa kina koya masa yadda zai ware takarda mai shaida daga maras shaida, ko wace da kantarta, don ya samu tambarin makarantu su karɓi littattafansa. Ko ruwan sanyi, in ji shi, sai da ya yi rantsuwa kika sha. Ni kuma na ga ranar da wani kamfani ya aiko miki da kwalayen tishu cike da bayan mota. Kika sauko kika gaisa da direban da fara'a, kika ce, "Ɗana, hancina ɗaya ne. Mayar musu."

A kan teburinki akwai wani yankan itace da kike danne takardu da shi. A kansa kika koya mini ƙidaya da'irori, ko wace da'ira shekara ɗaya. Kika ce itacen gandu shekara bakwai ake sare shi, duk girmansu ɗaya, mutum zai rungume shi da hannu guda. Wanda ya wuce haka, to a tambaye shi daga ina ya zo.

Yanzu zan faɗi abin da nake ta kewayewa. Baba yana aiki a masana'antar takarda da ke bakin gari. Shi ne a ƙofar itace: tirela ta shigo da gumagumai, ya duba takardar direba, ya sa hannu cewa kayan daga gandun da aka rubuta suka fito. Tun ranar da ya samu aikin, Gwaggo ta cire kanta daga binciken wannan masana'anta, aka ba wani. Amma a watan Janairu Baba ya manta maganin hawan jininsa a gida, ita kuma hanyarta ce, ta ce za ta miƙa masa. Ta shiga ta ƙofar baya, ba ranar bincike ba, ba a share wuri ba. A bayan rumfa ta ga gumagumai da maza biyu ba za su iya rungumewa ba, an shafa musu shuɗin fentin gandu, ko bushewa bai yi ba.

Ranar Asabar da la'asar ta zo gidanmu. Ina kicin ina wanke kofuna, su suna tsaye a lungun ƙofa, sun ɗauka ba kowa.

"Auta," ta ce wa Baba, "na ƙidaya da'irorin gungume ɗaya. Shekara tamanin da wani abu. Ya girmi Innarmu."

"Yaya, ni hannu kawai nake sawa. In na ƙi, gobe wani ne a kujerar, ni ina gida."

"To ka bar wani ya sa."

"Da yara huɗu? Ke komai naki a miƙe yake, don ba ki da mai yi miki kuka da safe."

Na san Baba zai ba da komai ya haɗiye wannan maganar. Da kika yi magana muryarki ba ta canja ba. "Daga dutsen da ruwan garin nan ke saukowa ake saro su, ka sani. Na ba ka wata ɗaya ka je ka faɗa da bakinka. In ka faɗa da kanka, da sauƙi." Kika leƙo kicin kika ce in ba ki ruwa.

Watan bai cika ba ciwon hantar da kika daɗe kina ɓoye mana ya kwantar da ke. Ni nake zama da ke bayan an tashi makaranta. Ranar Alhamis na same ki kin ɗora farantin abinci a gwiwa kina rubutu a kai, idonki ya yi rawaya. Kika liƙe ambulan, kika rubuta a bayansa, kika ce in kai ofishinku hawa na uku, in ba mutumin nan mai tabarau hannu da hannu, kada in bari a wurin kowa.

Gwaggo, ki gafarce ni. Mutumin mai tabarau shi ne yake kawo miki fayil har gida, yana cire hula in zai gaishe ki. Shekara biyu ina ƙulla muku labari a kaina: yana son ki tun kuna matasa, ke kika ƙi saboda riƙon ƙaninki, ga shi yanzu a gadon asibiti za ki faɗa masa gaskiyar zuciyarki. Har sunan littafin na raɗa. Da na isa barandarki, na ɗora butar shayi, na kara ambulan a tururi kamar yadda 'yan matan cikin littattafai suke yi. Ina murmushi na buɗe.

Shafi biyu ne. Kwanan wata, lambobin tirela uku, kaurin gumaguman, fentin. Kin roƙi kwamitin ba da tambari kada ya sabunta wa masana'antar tambari sai an je ba sanarwa, an shiga ta ƙofar baya. A ƙasa kika rubuta: "Mai sa hannu a ƙofar itace ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na raine shi. Ba shi ya tsara wannan ba, amma ya gani ya sa hannu. Na faɗa ne don kada a ce na ɓoye."

Na zauna a ƙasa har ruwan butar ya ƙone. Na tuna Mama da injin ɗinkinta da ya lalace, da autarmu mai asma, da yadda Baba ya yi shekara biyu ba shi da aiki kafin ya samu wannan, yana fita da safe da riga a goge don kada maƙwabta su gane. Na ce zan kai gobe. Gobe ta zo na ce Litinin.

Ranar Litinin kika buɗe ido kika gan ni. "'Yar shiru, kin kai?"

"Na kai, Gwaggo."

"Hannu da hannu?"

"Hannu da hannu."

Kika daɗe kina kallona. Ke da kike gane takardar ƙarya da wari, ban sani ba ko kin gane. Kika ce, "Allah Ya yi miki albarka. Na ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki, amma ba ni da wani." Kika juya fuska wajen bango. Maganarki ta ƙarshe da ni ke nan.

Da kika rasu, Allah Ya sani na ji wani abu mai kama da sauƙi a ƙarƙashin kukan, na ce shi ke nan, babu wanda ya sani. Wannan ne ya fi hana ni cin abinci. Baba kuwa tun da aka dawo daga maƙabarta yake zama a bakin gado, takalminsa a ƙafa. Sau ɗaya ya tambaye ni, "Yayata ta bar miki wani saƙo?" Na girgiza kai. Ban iya gane ko daɗi ya ji ko akasin haka ba.

Jiya Asabar manajan masana'antar ya zo gaisuwa da mutum biyu. Ina zuba musu shayi. Ya yabe ki sosai, ya ce irinki ba a samun biyu. Sannan ya ce kwamiti zai zauna ranar Talata, da zarar an sabunta musu tambari, littattafan rubutun zango mai zuwa duka za su buga sunanki a bayansu, kusa da ganyen, don 'yan makaranta su san wace ce ke. Mama ta ce an gode, Allah Ya saka da alheri. Baba bai ɗaga kai ba, sai na ga shayin ya zubo masa a wando, bai kuma goge ba.

Sunanki, Gwaggo, a kan takardar da aka yi da waɗancan itatuwa, dubu kan dubu, a jakar ko wane yaro har da ni. Kuma ni ce zan zama na sa shi a wurin.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ta riƙe maraya, ta riƙe amana, Ka riƙe ta da rahamarKa, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyya ga Mama da ƙannena, ga abokan aikinta da suka yi shekaru suna bin ta cikin laka, ga duk wanda ta taɓa zama a shagonsa don ya gyara. Ta'aziyyata mafi nauyi ga Baba, wanda ya rasa yaya da uwa a rana ɗaya. Allah Ya ba ka haƙuri, Baba, na rashinta da na abin da zan yi. Allah Ya buɗa maka wata ƙofa da ba za ka sunkuyar da kai a bakinta ba. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Gobe Litinin. Ba zan je makaranta da safe ba. Kafin Baba ya fita zan tsaya a gabansa, kin san ni, ƙila maganar ta ƙi fitowa. In ta ƙi, zan nuna masa ambulan kawai, ya san rubutunki. In ya ga dama ya biyo ni ya faɗa da bakinsa, har yanzu akwai kwana ɗaya. In bai biyo ni ba, zan hau bas ni kaɗai, in hau hawa na uku, in nemi mai tabarau. Zai ga an taɓa buɗe ambulan ɗin. Zan ce ni ce na buɗe, kuma kwana goma sha takwas ya yi a wurina. Sannan in miƙa masa.